Yadda Na Sama wa Yaya Ilyasu Kabari

Ranar da likitan Maraɗi ya ce mu koma da Yaya Ilyasu gida mu riƙa ba shi duk abin da ransa ke so, ban yi tunanin mutuwarsa ba. Allah ya gani, tunanin kabarinsa na yi. Muna cikin mota, kansa a kafaɗata, cikinsa ya kumbura kamar tulu, ni kuwa hankalina yana kan wanda zai yi masa wanka, da wanda zai tsaya gaba ya sallace shi, da ko mutanen Madarumfa za su yarda a haƙa masa rami a maƙabartar da iyayenmu suke kwance. A garinmu ba a wasa da matattu. Tafkinmu ma kaburburan bayin Allah ne suka kewaye shi, tun muna yara ake kwaɓarmu kada mu taka inda ba a takawa. Mutum ya rasa komai a duniya, ana iya mantawa. Amma a ce an kai shi daji an turbuɗe shi kaɗai, wannan gori ne da zai bi danginsa har jikoki.

Mu uku iyayenmu suka bari. Ɗan Baba ne babba, direban kamiyo mai jigilar kaya tsakanin Maraɗi da Jibiya. Sai Ilyasu. Sai ni Ladi, auta, mai suyar kifi a bakin tasha, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ƙaton kasko da bakin da ba ya shiru.

Ilyasu yana ɗan shekara ashirin da biyu ya bi motar albasa ya tafi ci-rani kudancin Najeriya, ya zauna a Aba. Wata shekara tarzoma ta tashi, aka shiga farautar duk mai kama da mu. Wani kafinta ɗan ƙabilar Ibo, maƙwabcinsa, ya ɓoye shi cikin rufin ɗakinsa, ƙarƙashin kwano, har kwana tara. Shi yana miƙa masa abinci ta wata kafa, matarsa tana kwashe masa fo. Kafintan nan ɗan wani coci ne da ake kira Mormon. Ba zan ce da abinci suka saye shi ba, don ni ma in wata ta kwashe mini fo kwana tara zan saurari abin da mijinta yake faɗa. Yaya dai ya saurara, ya kuma wuce sauraro. Bayan shekara goma sha takwas ya dawo mana da jaka ɗaya, da farar riga mai maɓallai, da igiyar wuya irin ta ma'aikatan banki.

Shayi ne ya tona shi. Abokansa suka haɗa masa fada ta maraba a ƙofar gida, aka hura gawayi, aka zuba na farko mai kumfa aka miƙa masa don girmamawa. Ya ce ya gode, ba ya sha. Aka ce ko ciwon ciki ne? Ya ce a'a, addininsa ne ya hana. A ƙasar nan namiji ya ƙi shayi, ko bai ƙara kalma ba an san akwai magana. Shi kuwa ya ƙara, ya zauna ya yi musu bayani tiryan-tiryan har na biyu ya huce a buta.

Kafin magariba gari ya ɗauka. Ɗan Baba direba ne, ya san yadda ake kauce wa rami, sai ya bi manya gida-gida yana cewa kwana taran nan da yaron ya yi ƙarƙashin kwano cikin zafi sun taɓa masa ƙwaƙwalwa. Wallahi gari ya karɓi maganar nan hannu biyu. Kowa ya san ba a rubuta wa mahaukaci zunubi, don haka ba sai an ƙaurace masa ba, ba sai an kore shi ba, ba sai wani ya ɗauki sanda ba. Aka ci gaba da sayen albasarsa da tumatir na lambun da ya yi a bakin tafki, ana gaishe shi, in ya wuce a girgiza kai. Mata ce kawai babu wanda ya ba shi.

Shi kaɗai ne abin bai yi wa daɗi ba. Sau nawa ya ce mini, "Ladi, su ce mini kahiri, na ji, na ɗauka. Amma kada su ce mini mahaukaci. Ni ba ni da komi a duniyar nan sai shaidar da nike bayarwa, kuma ba a amsar shaidar mahaukaci." Ni kuma in ce masa ya ci tuwonsa kafin ya huce.

Shekara goma sha biyar yana wa'azi a Madarumfa, ko mutum ɗaya bai samu ba. Duk Lahadi zai share ɗakinsa, ya jera benci uku, ya sa farar rigar nan, ya zauna shi kaɗai yana waƙa da wata murya da ba a yi ta don waƙa ba. Shi ne shugaban cocin, shi ne mai shara, shi ne jama'a. In na kai masa abinci na tarar da shi a haka, nakan zauna a bencin baya don ƙafata ta huta, shi kuma ya ɗauka ya yi kamu. A nan nake shan labarin mutumin nan nasa.

Wani Bature ne cikin shugabanninsu na farko, sunansa kamar mutum ya shaƙe da ƙashin kifi, ban taɓa iya faɗa ba. Maƙeri ne, in ji Yaya. Aka kore su daga gari ya koma wani, aka ƙone gidansa, aka taɓa kama shi aka shafe masa jiki da kwalta. Aka aike shi wa'azi ƙetaren teku ba ko guzuri, ya yi shekara uku ana rufe masa ƙofa. Da ya dawo ya tarar an sake korar mutanensa, sai ya ɗora kayansa a amalanke ya ja da hannunsa, shi da iyalinsa da ɗaruruwan mutane, wata da watanni cikin daji da sanyin da mu ba mu san irinsa ba. A hanya matarsa ta mutu, 'ya'yansa biyu suka bi ta. Ya haƙa musu rami a gefen hanya, ya rufe, gari na wayewa ya kama amalankensa ya ci gaba. In Yaya ya kawo nan sai idonsa ya ciko, ya ce mutumin nan ko sau ɗaya bai janye maganarsa ba. Ni abin da nake ji shi ne tausayin matar, da aka ja ta cikin daji aka bar ta inda ko mai addu'a ba zai wuce ba. Na faɗa masa haka. Ya ce ban gane ba.

Sai kuma ya tsiro da rubuta sunayen matattu. Ya sayi kaye, littafin rubutu irin na 'yan makarantar lekol, da alƙalamin bik biyu, shuɗi da ja, ya ce in raka shi wajen tsofaffi don ni ce na san dangin mata. Na kai shi Safo wajen gwaggonmu, na kai shi Gabi wajen dangin Inna, muka sha fura muka sha labari. Wa ya haifi wa, wace shekara ya rasu, shekarar fari ce ko ta ambaliya. Daga danginmu ya faɗa na maƙwabta, daga nan duk gari. Mutane suka ji daɗi, don babu tsohon da ba ya son a tambaye shi kakansa. Har liman, Malam Abdul Aziz, wanda sa'ansa ne tare suka yi makarantar allo, ya zauna ya lissafa masa kakanninsa bakwai. Ana cewa gara wannan haukar da ta jifa. Duk shekara in ya sayar da albasa sai ya tafi Aba ya yi sati biyu, mu kuwa mun ɗauka ziyarar kafintansa yake zuwa.

Kwana uku da dawowarmu daga wajen likita, da hantsi, ina goge masa jiki da tsumma saboda zafin bazara, ya ce in buɗe akwatin ƙarfe in ɗauko kayen. Ya zama guda huɗu, an ɗinke su da zare. Ya ce akwai sunaye kamar sittin da bai kai Aba ba, in ya mutu in ba yaran motar albasa su kai wa kafinta.

Na yi lekol aji huɗu, ina iya haɗa baƙi. Na buɗe na ga sunaye a jere, rubutu tsaf kamar na sakatare, kusan kowane da jan maki a gefensa da kwanan wata.

"Yaya, wanga jan mi ne ne?"

Ya yi murmushi, irin na wanda ya daɗe yana ɓoye tsaraba. Ya ce a can Aba suna da babban ɗakin ibada, cikinsa akwai kwarmin ruwa. Mai rai yakan shiga a nutsar da shi da sunan wanda ya mutu bai samu wankan shiga addininsu ba. Shi mamacin, a inda yake, in ya so ya karɓa, in bai so ba ya bari, ba dole. Na maza shi yake shiga da kansa, na mata matan cocin suke shiga.

Na duba shafin farko, ga Baba da jan maki. Ga Inna. Ga mijina Abdu, mutumin da ko ciwon ajali bai hana shi sallar asuba a masallaci ba.

"Da izinin wa?" na ce. "Wa ka tambaya?"

"Sun ce mini in tambayi dangi. Ni kuwa na ce duk Madarumfa dangina ne."

"Sai ka tambayi kanka, ka ba kanka izini! Kai, Yaya, ka kashe mu. Ni na kai ka gidajen mutane, ni na ce su saki jiki da kai."

Ina faɗa ina juya shafi, sai idona ya faɗa kan sunan Nusaiba, 'yata da zazzaɓi ya ɗauke tana shekara shida. Ita ba jan maki. A gefen sunanta ya rubuta da shuɗin bik: ba ta bukata, ta riga ta shiga. Ya ce ai ƙananan yara ba a yi musu, ba su da abin wankewa. Na zauna a ƙasa na yi kuka. Ina jin haushinsa kamar in shaƙe shi, ina kuma ganin shekara goma sha biyar ɗin da ya yi yana shiga ruwa saboda mutanen da 'ya'yansu ke masa dariya.

Da na share hawaye na dawo kan abin da ke gabana. Washegari liman zai zo dubiya, kuma kowa ya san ba dubiya kaɗai ba ce. Zai laƙƙana masa kalmar shahada. In ya faɗa, shi ke nan. In ya yi shiru, haukar da Ɗan Baba ya ɗinka masa za ta rufe shi har kabari. Abu ɗaya ne zai ɓata mana, shi ne ya buɗe baki.

"Ban ce ka hwaɗi abin da ba ka yarda da shi ba," na ce masa. "Shiru kawai nike roƙo. Ka rufe ido ka yi kamar barci."

"Ladi, ƙasa duk ɗaya ce. Mutumin nan ya rufe matarsa a gefen hanya ba ko alama, kuma Allah bai ɓata ta ba."

"Shi ba shi da ƙanwa mai suyar kihi a tashar Madarumfa! Kai za ka kwanta ka huta, ni ce zan zauna ana nuna ni da baki. Ni ce in na mutu za a ce ga 'yar'uwar wanda aka yar a daji."

Ya ce ƙarya dai ba zai yi ba, amma in ba a tambaye shi ba, zai yi shiru. Na ɗauki kayen zan kai murhu, ya riƙe mini zane da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ce in bari ya kwana da su. Na tura su ƙarƙashin matashinsa. Wannan sakarcin nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Da safe liman ya zo, shi da Ɗan Baba da Alhaji Al'amin, babban ɗan kasuwar da ya gina rabin masallacin unguwarmu kuma ba ya bari a manta. Ni na raɓe a bakin ƙofa daga waje, mayafi a kai, da kwanon kunu da na miƙa aka ajiye gefen gado. Liman ya zauna a bakin gadon, ya kama hannun Yaya, ya karanta masa kalmar shahada a hankali sau uku. Yaya ya rufe ido bai ce uffan ba. Na ce a raina, Alhamdu lillahi. Ɗan Baba ya dube su ya taɓa gefen kansa da yatsa, Alhaji ya gyaɗa kai.

Da liman ya tashi a nan, da ba ni da labarin bayarwa. Amma mutum ne mai taushin zuciya. Ya zauna yana tuna masa yarinta, yadda mahaifin shi liman, Malam Umar, yake zane su tare in sun gudu tafki kamun kifi. Ya ce shekara tara ke nan da rasuwar tsohon, har yau yakan farka yana tunanin wane hali yake ciki, Allah dai ya sa ya huta.

Sai na ga Yaya ya buɗe ido. Na san kallon nan. Na yi gyaran murya, na buga ƙofa da gwiwar hannu, bai ko waiwayo ba.

"Abdul Aziz," ya ce, "kada ka damu da Malam. Na shiga ruwa dominshi, shekara shida ke nan. An buɗe mishi ƙohwa. Shi da kakanninka bakwai, duk na yi musu."

Wallahi albishir yake yi. Ya ga abokinsa cikin damuwa, ya ɗauko abu mafi tsada da yake da shi ya miƙa masa. Liman ya ce wane ruwa? An tambaye shi ke nan, ya kuwa amsa, dalla-dalla, yadda ya yi mini. Ya zaro kayen daga ƙarƙashin matashi don ya nuna kwanan watan.

Alhaji Al'amin ya fizge su. Ya yi ta juya shafi, fuskarsa tana sauyawa, har ya kai kan sunan mahaifinsa da na mahaifiyarsa da ya kai Makka sau biyu. Ya yi salati da ƙarfi.

"Shekara goma sha biyar kuna ce muna mahaukaci ne," ya ce wa Ɗan Baba. "Duba nan. Suna, uba, shekara, rana. Ko a meri, ofishin magajin gari, ba a rubutu haka. Wanga ba aikin mahaukaci ba ne, wanga da hankalinshi ya bi iyayenmu har cikin kabari. In ya mutu ku kira mutanenshi na Aba su ɗauka, ko ku kai shi bayan dutsi. Amma kusa da uwata, wallahi ba ya kwanciya."

Ɗan Baba, mai bakin da ke shawo kan 'yan duwan masu binciken kaya a kan iyaka, ya juya ya dubi liman. Liman ya saki hannun Yaya. Na ga ransa ya ɓaci ƙwarai, na kuma ga yana neman hanya, don ba ya son ya zama shi ne limamin da ya ƙi sallar abokin yarintarsa. Ya juyo wajen ƙofa.

"Ladi, shigo. Ke ce ke ba shi abinci tun dawowarshi, ke kika san zamanshi da tashinshi. Tsakaninki da Allah, mutumin nan da hankalinshi ko babu?"

Na shiga na durƙusa. Yaya yana kallona. Bai roƙe ni da baki ba, bai ma motsa ba. Na kau da kai na dubi tabarma.

"Allah gafarta Malam, ba shi da hankali. Wallahi tallahi tun da ya dawo ba shi da shi."

"Ƙanwarshi ce," in ji Alhaji, "mi za ta ce? Baki ba ya da wuya. A ɗauko Alƙur'ani ta dafa. Ɗan Baba, aika masallaci."

Duk wanda ya tashi a nan ya san abin da ake cewa yana samun mai dafa Littafi a kan ƙarya, kuma ni na yarda da shi har cikin ɓargona. Liman ya ce, "Ladi, kin san nauyin abin nan. In akwai shakka ki janye, ba wanda zai zarge ki." Na ce a ɗauko. Ban san ko zan iya dafawa ba, amma na ce a ɗauko, Ɗan Baba kuma ya juya zai fita.

Sai Yaya ya yi kukan akuya.

Da farko na ɗauka shaƙuwa ce. Ya sake yi, da ƙarfi, ya ja shi, har ya ƙare da dariya. Ya miƙa hannu ya ɗauki kwanon kunu ya juye a kansa, kunun yana bin gemunsa yana sauka kan kumburarren cikin. Ya nuna Alhaji da yatsa ya ce, "Amaryata! Kin zo? Wa ya saya miki wanga rawani?" Ya ce kifayen tafki ne suke faɗa masa sunayen da safe. Ya ce ya shiga ruwa domin jakin sarkin pawa, da kamiyon Ɗan Baba da ya mutu a hanyar Jibiya, kuma kamiyon ya gode. Ya zamo daga kan gado ya faɗo ƙasa, mutumin da sati biyu ko juyawa sai an juya shi, ya kama rarrafe yana lasar kunu a tabarma yana kukan akuya. Na ga yadda ciwo yake murɗa masa fuska duk sa'ad da cikin ya taɓa ƙasa. Bai daina ba sai da Alhaji ya ja da baya ya tattare babbar rigarsa.

"La haula wa la ƙuwwata illa billah," in ji liman. Ya sauke numfashi, na ji sauƙin da ya samu a muryarsa. "Alhaji, ka gani da idonka. Ba sai an wahalar da baiwar Allah da rantsuwa ba. Abin da mahaukaci ya yi ba shi da hukunci, bai taɓa iyayenmu da komi ba."

Alhaji ya yi tsaki, amma ya yarda. Ya fita da kayen huɗu ya cusa su a murhuna da ke ci a tsakar gida, ya tsaya har suka kama. Ɗan Baba ya ɗaga Yaya ya mayar kan gado, ya bi baƙin don ya raka su, yana ba su haƙuri.

Muka rage mu biyu. Yana haki, idonsa a rufe, kunu yana bushewa a gashin girarsa. Da ya ji sawunsu ya ɓace sai ya buɗe ido, ya yi magana da muryarsa ta kullum, a natse.

"Ya isa, Ladi?"

Na ce, "Ya isa, Yaya."

"To wanke mini kai."

Na ɗebo ruwa na wanke masa. Ban iya ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Kwana huɗu ya ƙara a duniya. Lahadi ta faɗo a cikinsu, na ɗauko masa farar rigar na ce ko in sa masa, ya girgiza kai. Bai sake yin waƙa ba, bai sake ambaton mutumin nan nasa mai amalanke ba. In 'yan dubiya sun shigo sai ya yi musu 'yar dariya marar dalili, don kada maganar ta warware. In sun fita ya juya fuska bango. Ranar Talata bayan azahar ya cika, ina riƙe da ƙafarsa.

An yi masa wanka, an yi masa sutura, Malam Abdul Aziz ya sallace shi. Ɗan Baba ya ce sahu biyar aka yi, har da Alhaji Al'amin a na gaba. An sa shi taku kaɗan daga inda Inna take. Mata suka cika gidan, kowace ta durƙusa ta ce, "Ladi, sai haƙuri. Shi kam ya huta, bawan Allah, ba shi da alhakin kowa tun da ba da hankalinshi ba ne." Ni kuma ina cewa amin.

Na sama masa kabarin da nake so. Ba wanda ke nuna ni da baki a tasha, cinikina ma bai ragu ba. Sai dai labarin ranar nan ya zaga gari, ya zama abin hira. Direbobi in sun zauna cin kifi sukan tuna Ilyasu mai akuya, wani ya kwaikwayi kukan, wani ya ce "amaryata", a fashe da dariya. Nakan juya kifi a mai in yi dariyar tare da su, don in ban yi ba wani zai tambaye ni dalili.